Makarantun Makafi da Kurame Kafin Gwamnati Ta Farka

Idan muka waiwayi tarihin ilimin yara masu buƙata ta musamman a Nijeriya, za mu tarar ba gwamnati ce ta aza harsashinsa ba. 'Yan mishan ne suka buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. A 1960 kuma Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya kafa makarantar kurame a Ibadan, shekara uku bayan ya kafa irinta a Ghana. Ƙananan makarantu ne, da gudummawar masu ibada ake riƙe su. Sai a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ware wa fannin babi nasa.

To amma akwai abin da ya kamata mu manazarta Hausa mu lura da shi. Harshen alama na Amurka Foster ya zo da shi, shi ne kuma ya zauna daram a azuzuwan kurame har Arewa. Alhali kuwa kuramen Kano sun daɗe da maganar hannu tasu, wadda suke ciniki da hira da ita. Yaron da ya tashi da ita, ranar da ya shiga aji sai ya tarar alamun malaminsa daban ne da na gida.