Awon gano cuta a likitocin karkara: Madawa, Buza da Keita

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa na cikin manyan dalilan da ke kai yara likita, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Sai dai ba kowane zafin jiki ne na cizon sauro ba. Ciwon haƙarƙari, sanƙarau da ƙyanda su ma da zazzaɓi suke farawa. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar a auna jini kafin a ba da magani.

Awon ya danganta da matakin likita. A ƙaramar likitar ƙauye da cibiyar CSI ana amfani da TDR, wato awon gaggawa: ɗigon jini daga yatsa, a samu sakamako cikin minti 15 zuwa 20, ba tare da lantarki ba. Ana kuma auna damtsen yaro da tsinken awo. Ƙasa da milimita 115 alama ce ta tamowa mai tsanani. Duba jini ko majina da madubin likita kuwa sai inda akwai ɗakin awo, kamar asibitin gunduma. Samfurin da ake zargin na annoba ne ana aika shi cibiyar CERMES da ke Yamai.

TDR na da iyaka. Zafin rana na lalata shi idan ajiya ba ta da kyau, kuma yakan ci gaba da nuna alamar cuta makonni bayan an warke. Idan ya yanke daga likita, sai a koma ga zato.

Don haka gyaran ya rataya ne a kan isar kayan awo kafin damina, ajiya mai inuwa, horar da ma'aikata, da motar kai majinyaci gaba. Ƙungiyar MSF ta daɗe tana tallafa wa kula da yara a Madawa, kuma tun 2006 doka ta ce a duba ƴan ƙasa da shekaru 5 kyauta a Nijar.

Idan awo bai nuna cizon sauro ba alhali jiki da zafi, sai ma'aikaci ya nemi wani dalilin, ko ya tura yaron gaba. Sayen ƙwayoyi wurin masu talla a wannan hali na iya jinkirta gano ainihin ciwon.