Ciwon Zuciyar Masu Jego: Daga Binciken Zariya Zuwa Hoton Maganaɗisu

Akwai wani ciwo na tsokar zuciya da ke kama mace gab da haihuwa ko a watannin jego. Zuciya takan buɗe ta yi rauni, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. A Turai ba kasafai ake ganinsa ba, amma a ƙasar Hausa ya zama ruwan dare.

Likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, wato Davidson da Parry, su ne suka fito da shi sarari a 1978, bayan sun bibiyi mata 224 a Zariya. Suka ɗora laifin a kan al'adun jego: wankan ruwan zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki. Wannan ra'ayi ya daɗe yana tasiri, har binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya fito a 2020. Ya nuna cewa a Arewa maso Yamma ciwon na samun mace ɗaya cikin haihuwa 96, kuma rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin goyon ciki ne ke tafiya da shi, ba wanka ko kanwa ba.

Kayan aiki ma sun sauya. Lauterbur ya buga hoton maganaɗisu na farko a 1973, aka ba shi lambar Nobel tare da Mansfield a 2003. Na'urar, wadda ake kira MRI, tana amfani da maganaɗisu da igiyar rediyo ta zana tsokar zuciya daga ruwan da ke cikinta. Idan aka yi allurar gadoliniyom, yakan maƙale inda tsoka ta yi tabo. Ta haka likita ke auna ƙarfin ɗakunan zuciya, ya kuma rarrabe ciwon jego da kumburin tsoka da sauran cututtuka masu kama da shi.

Sai dai mai jego a Rano ko Kibiya, kafin ta kai ga irin wannan na'ura sai ta yi tafiya zuwa birni, ta kuma tanadi kuɗi. Saboda haka ranta ya rataya ne a kan ungozoma ko ma'aikacin asibitin ƙauye da zai gane kumburi da haki, ya tura ta Kano da wuri.