Dokar Ƙananan Hukumomin Jihar Sakkwato ta 2024

Dokar Ƙananan Hukumomin Jihar Sakkwato ta 2024 gyaran fuska ne da Majalisar Dokokin jihar ta yi wa dokar da ke tafiyar da ƙananan hukumomi 23 na jihar, ciki har da Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu. Gwamna Ahmed Aliyu ya rattaba mata hannu a watan Yulin 2024.

Dokar ta ƙara wa'adin zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi daga shekara 2 zuwa 3. Ta kuma gyara sashe na 76, inda ikon naɗa hakimai da dagatai ya koma hannun gwamna, Majalisar Sarkin Musulmi kuma ta riƙe hurumin gabatar da sunaye. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta soki gyaran, gwamnatin jihar kuwa ta ce manufarsa daidaita dokar da kundin tsarin mulkin Najeriya.

A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta ba da umarnin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar, ciki har da na Sakkwato, kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya.