Tubali

tubali [tūbalī] *sn.*, *nj.*, *jam.* tubala [tūbàlā].

1. Dunƙulen jar ƙasa da aka kwaɓa, aka mulmula, aka shanya har ya bushe, wanda magina ke jerawa su ɗaga bango. *Mis.* An gina ganuwar Kano da ~.

2. (*majazi*) Asalin al'amari da kafuwarsa. *Mis.* Ilimi shi ne ~n al'umma.

3. (*ilimin kwamfuta*) Yanki guda mai zaman kansa a shafin intanet, kamar sakin layi, ko kanu, ko hoto, ko jadawali, wanda marubuci ke iya ɗagawa sama ko saukarwa ƙasa, ya kwafa ko ya goge, ba tare da ya taɓa sauran ba, alhali kuwa a dā matani duka a fili ɗaya ake zuba shi. *Mis.* Ta saka ~n hoto bayan muƙaddima.

manhajar tubala *sn.*, *mc.* Kayan rubutu da tsara shafi bisa ma'ana ta 3. Mafi shahara Gutenberg, mai sunan Bajamushen maɗabi'in nan na ƙarni na 15, wadda ta zo cikin manhajar gina shafukan intanet ta WordPress 5.0 a Disambar 2018, ta maye gurbin tsohuwar manhajar rubutu.

aza ~ *fi'ili.* Fara gini ko wani aiki.

~n toka *sn.* Abin da ba shi da ƙarko.

*Dubi:* bulo, harsashi, shafi.