Daga Sabo Zuwa Ikko: Yadda Iyayenmu Suke Shirya Tafiya

Wata Juma'a cikin watan jiya, bayan an sallame, wani saurayi daga cikin 'ya'yanmu na nan Sabo ya tare mu a ƙofar masallaci da tambaya: wanda zai je Ikko ya dawo Badun a yini ɗaya, kasaru zai yi ko cika salla? Muka ce kasaru, domin tafiyar ta haura mil 48 ɗin da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade. Sai muka tambaye shi wajen wa zai sauka. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba sauka zan yi ba, kayan waya zan saro a Ikeja in juyo." Muka ce to wa ya san za ka? Ya ce, "Babu, ai nan da nan ne."

Wannan "nan da nan" ɗin ce ta sa muka ga ya kamata mu tuna wa juna yadda magabatanmu suka riƙi wannan hanya, tun kafin a yi titin da muke bi yau.

An yanka wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. Kafin nan kakanninmu suna zaune ne a warwatse cikin gari, a gidajen Yarabawa. Abin da ya zaunar da su abu biyu ne: shanu suna gangarowa daga arewa, goro yana haurawa. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Badun a 1901, zuwa 1912 kuma ana shiga daga Iddo har Kano. Saboda haka Badun ta zama tsakiya, kuma mutumin Sabo ba ya rasa dalilin zuwa Ikko: ko bin bashin shanu, ko saro kayan da jirgin ruwa ya sauke, ko raka baƙo daga arewa wanda bai jin Yarabanci.

Kuma duka kayan biyu ba sa jira. Saniya in ta shigo kurmi kwanakinta ƙidayayyu ne, domin tsando ba ya barin ta, kullum ramewa take, kuɗinta na zubewa. Goro kuwa in ba a buɗe huhu an duba an sake ganye ba, sai ƙwaro da zafi su gama da shi. Mai irin wannan kaya ba ya fita don ya je ya gani. Sai ya san wanda zai tarbe shi.

Hanyoyin mota biyu ne a da. Ɗaya ta bi ƙasar Remo, ta Isara da Iperu ta shiga Shagamu, ta gangara Ikorodu, sannan Ikko. Ɗayar ta bi Abekuta, ta Ota, ta faɗa Agege. Ka lura da kyau, babu babban garin da ke kan hanyoyin nan da ba mu da unguwa a cikinsa. Akwai Sabon Shagamu, cibiyar goro, akwai Sabon Abekuta, akwai Zangon Agege. Har Sango da Yarabawa ke faɗa, ta Ota da ta nan Badun, ai zangonmu ne harshensu ya juya. Shi kansa goron da muke saye suna kiransa gbanja, daga sunan Gwanja, inda fatakenmu suke zuwa ɗauko shi tun kafin a fara noma shi da yawa a nan kudu.

To yaya ake shirin? Dattawan da muka tarar sun ce ba daga tasha ake farawa ba, daga zauren maigida ake farawa. Matafiyi zai je ya ce, "Maigida, ina so in leƙa Ikko jibi." Maigida zai tambayi dalili, da kwana nawa, da nawa zai riƙe. Sannan ya faɗa masa gidan da zai sauka, wani lokaci ya sa a rubuta 'yar wasiƙa da ajami zuwa ga takwaransa na can. Wannan takarda ita ce komai. Da ita za a ba ka ɗaki da tuwo, a haɗa ka da dillali, a ajiye maka kuɗinka, in rigima ta taso a tsaya maka. In ka ci amana a Agege kuwa, kafin ka iso Badun labari ya riga ka, kuma ba ka ƙara samun mai ba ka bashi ko na kwabo. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna da iyayenmu a 1962 da 1963, ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari na masu gida da dillalai. Shi abin ya ba shi mamaki, mu kuwa a ciki muka buɗe ido.

Bayan maigida sai malam. A nan dole mu faɗi gaskiya: akwai masu zuwa a duba musu ranar sa'a, a buga ƙasa, kuma wannan ba mu tare da shi. Amma akwai abin da yake da asali, wato istihara, da fitar da sadaka, da son fita ranar Alhamis, da sammako. Sai sallama da iyali, da faɗa wa uwargida wanda ake bi bashi da wanda yake bin ka. Don tafiyar da ba ta kai mil ɗari ba fa! Yaran yanzu za su ce an cika tsoro. Su kuwa sun san motar da za su shiga.

Motar ita ce ta katako, mai benci a jere, wadda Yarabawa suka raɗa wa bolekaja, wato "sauko mu yi faɗa", saboda halin yaran motar. Titi siriri, ga kwana, ga gadoji da mota ɗaya ce ke wucewa a lokaci guda. Mutanenmu direba suke tambaya, ba mota ba: wane ne ba ya sha, wane ne yake tsayawa in an ce masa lokacin salla ya yi. Mai hali ya biya ƙari ya zauna gidan gaba. Kuɗi a lalita, a ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga. Guzuri bai wuce ƙilishi da dakuwa da goro biyu uku ba, sai buta da buzu. Ana fita bayan asuba, kuma ba wanda yake yi wa iyalinsa alkawarin dawowa ranar. In yamma ta yi a Shagamu, can za a kwana, a gaisa da 'yan'uwa, a ji farashin goro. Auren da aka ƙulla tsakanin Sabon Badun da Sabon Shagamu ta dalilin irin wannan kwana ba ya ƙirguwa. Da yawa cikin masu karanta wannan, iyayensu mata daga can aka kawo su.

Sai abubuwa suka fara canjawa a jere. A Afrilun 1972 aka koma tuƙi a hannun dama, a Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam da sule. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta buɗe babban titin nan, kusan kilomita 128 daga Ojota zuwa Ojoo. Muna yara a lokacin, muna tuna yadda ake ba da labarin fijo ta kai mutum Ikko ya sha shayi ya dawo kafin azahar. Alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai titin ya bi ta bayan garuruwa. Shagamu ta koma mararraba da ake hangowa ta taga. Ogere, da ba ta cikin lissafi, ta cika da tireloli da masu shayi da mai nama. Wanda zai je ya dawo a yini ba ya buƙatar ɗaki, wanda ba ya buƙatar ɗaki kuwa a hankali sai ya daina neman maigida.

Amma maigida ba ɗaki kawai yake bayarwa ba, shi ne kunnenka a garin. A Remo da Ikorodu akwai ranakun Oro, da ba a yarda mace ta fita ba, baƙo ma ana so ya kama kansa. Al'adarsu ce a ƙasarsu, kuma mai masauki ne yake aiko maka cewa kada ka taso yau. Wanda ya ga abin da ya faru a Shagamu a Yulin 1999, da rayukan da aka rasa ta kowane ɓangare, ba sai an yi masa bayanin amfanin wannan saƙo ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba.

Titin ma kansa bai tsaya yadda aka buɗe shi ba. Ya lalace, aka fara sake gina shi a 2013, aikin ya ci kusan shekara goma, muka sha kwana a cikin mota tsakanin Mowe da Kara. Yanzu ya yi kyau, sai gudu ya zama abin tsoro. Ga manyan sansanonin ibada na Kirista da na Musulmi a gefen hanya. In taronsu ya tashi, musamman Juma'ar farkon wata, tafiyar awa biyu sai ta koma biyar. Doguwar gadar kafin Berger ba wurin da mota za ta mutu maka da dare ba ne. An kuma taɓa tare mutane a dajin da ke kusa da Badun. Akwai sabon jirgin ƙasa tun 2021, daga Moniya zuwa Ebute Metta, mai daɗi da kwanciyar hankali, sai dai kafin ka kai Moniya daga Sabo ka yi wata 'yar tafiyar, kuma ba na mai buhuna ba ne.

Mun binne yara a unguwar nan waɗanda sai bayan kwana biyu aka gane su ne, domin ba wanda ya san sun fita, wayar kuma ta fashe ko an ɗauke. Iyaye suna ta nema a Mokola da Bodija, gawa tana wani asibiti a Ogun. Wannan ne abin da ya sa tambayar yaron nan ta tsaya mana a rai.

Mun ce da shi ya faɗa wa mahaifiyarsa, ya rubuta lambar ɗan'uwansa a takarda ya sa a aljihu, ya shiga mota a cikin tasha ba a bakin titi ba. Muka ba shi lambar wani ɗan abokin mahaifinsa a Agege, muka ce ya kira tun daren ya ji yadda gari yake. Ya ce shi bai san mutumin ba. Muka ce kakanka a gidansu yake sauka.

Ya fita Asabar bayan asuba. Ya yi azahar raka'a biyu a Ikeja, la'asar biyu a Ogere, magariba kuma a sahun farko muka gan shi, da ƙullin goro da aka ba shi a Agege ya kawo wa mahaifiyarsa.