Hoto a Matsayin Shaidar Tarihi: Fadodin Kwarin Loire da Birnin Faris



Abin da nake so mu duba a wannan lacca shi ne yadda sana'ar ɗaukar hoto ta shiga cikin aikin tarihi. Zan ɗauko misalina daga ƙasar Faransa, domin can ne gwamnati ta fara ɗaukar masu hoto aiki, ta ce su bi ƙasa lardi lardi su kawo mata kamannin tsofaffin gine-ginenta. Wannan ya faru a shekarar 1851, watau shekara 12 kacal bayan an bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Faris, cikin watan Agusta na 1839.

Kafin mu kai ga masu hoton, ya kamata mu san abin da aka tura su ɗaukowa. Kogin Loire shi ne mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000. A lokacin dogon yaƙin da aka yi tsakanin Faransa da Ingila, Ingilishi sun riƙe Faris daga 1420 zuwa 1436, sarautar Faransa ta yi ƙaura zuwa kwarin wannan kogi. Ko da aka kori abokan gaba, sarakuna ba su yi gaggawar komawa ba, don wurin ya yi musu daɗi: ga dajin farauta, ga kogi na sufuri, ga wani farin dutse mai laushi wanda magina ke sassaƙawa kamar itace. Gidajen da suka tarar can na yaƙi ne, masu kaurin bango da 'yan ƙananan tagogi. To amma igwa ta riga ta zo, kaurin bango ya daina tsare kowa, kuma tun daga 1494 sarakunan suna kai yaƙi Italiya suna dawowa da sha'awar irin ginin da suka gani. Sai gidan yaƙi ya rikiɗa ya zama gidan nuna isa. Babban misali shi ne Chambord, wanda Sarki Faransuwa na Ɗaya ya fara ginawa a 1519. Yana da ɗakuna fiye da 400 da murhun jin ɗumi 282, an kewaye dajinsa da katanga mai tsawon kilomita 32, amma kwanakin da mai shi ya yi a ciki duk tsawon sarautarsa ba su cika wata uku ba.

Juyin mulkin 1789 ya bar yawancin waɗannan fadodi ba mai su. An washe kayan ciki, aka yi gwanjon wasu. Waɗansu 'yan kasuwa suka mai da sayen tsohuwar fada sana'a, su rushe ta su sayar da dutsen da darmar rufi. Haka aka yi wa fadar Chanteloup a 1823, hasumiya ɗaya kaɗai ta tsira. Fadar Blois kuwa barikin soja aka mai da ita. Marubuta irin su Victor Hugo suka yi ta kuka a jaridu, har gwamnati ta naɗa Prosper Mérimée babban sufeton gine-ginen tarihi a 1834, ta kuma kafa hukumarsu a 1837. Matsalar hukumar nan, na tabbata ma'aikatan da ke zaune a nan sun san irinta: mutane ne a ofis a babban birni, ana kawo musu roƙon kuɗin gyara daga larduna, su kuwa ba su taɓa ganin ginin da ido ba. Abin dogararsu zanen hannu ne, mai zane kuwa yakan ƙara inda ya ga dama, ya rage inda ya ga dama, ya miƙar da bangon da ya karkace.

Shi ya sa a 1851 aka zaɓi mutum biyar, aka raba musu ƙasa. Baldus ya nufi kudu maso gabas, inda kufan Rumawa suke. Le Secq ya bi manyan majami'un arewa maso gabas. Bayard ya yi wajen Normandi. Gustave Le Gray da Mestral kuwa suka haɗa hanyarsu, suka bi kwarin Loire, suka gangara har Carcassonne kusa da iyakar Sifen.

Kada ku ɗauka aikin kamar na yau ne. Akwatin hoton na katako ne babba, mai ƙafa uku, ga kwalaben magunguna, ga hanya yawancinta a keken doki. Dabarar Daguerre ba ta dace da irin wannan tafiya ba, domin a kan farantin tagulla mai ruwan azurfa take fitar da hoto, ɗaya tak, ba a iya wanko na biyu. Le Gray ya zo da tasa dabarar: yakan shafe takarda da kakin zuma kafin ya jiƙa ta da magani. Amfanin wannan shi ne ana iya shirya takardun tun kwanaki kafin a tashi, a ɗauki hoto da rana, a wanke daga baya, kuma daga takarda guda a buga kofi da yawa. Illarta ita ce tana jinkirin kama haske, sai an bar idon akwatin a buɗe na mintoci. Duk abin da ya motsa a cikin waɗannan mintoci ba ya fitowa. Wannan ne dalilin da ya sa idan kuka duba hotunan za ku ga fadodi tsit, ba mutum ba dabba, kamar an yi annoba. Tun a hoton da Daguerre ya ɗauka na wani babban titin Faris a 1838 haka abin yake: titi cike da kekunan doki, amma babu wanda ya fito sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Ɗalibin tarihi ya lura da wannan. Shirun da ke cikin tsohon hoto na akwatin ne, wurin kansa yana da hayaniyarsa.

Ina so in ɗan daɗe a kan fadar Amboise, wadda ke kan tudu tana kallon kogin. Littattafan 'yan yawon buɗe ido sukan ambace ta saboda Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a wani gida kusa da ita a 1519. Amma a bazarar da Le Gray ya kafa akwatinsa a gabanta, kurkuku ce. Wanda ke tsare a ciki shi ne Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yi shekara 15 yana yaƙar Faransawa. Ya ajiye makami a Disamba 1847 bisa alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas, aka saɓa alkawarin, aka kawo shi Amboise a Nuwamba 1848 tare da iyalinsa da mabiyansa. Sanyi da laima da baƙin ciki suka yi musu ɓarna, mutum 25 daga cikinsu suka rasu, aka binne su a lambun fadar. Sai a Oktoba 1852 aka sake shi, daga baya ya zauna a Dimashƙa har rasuwarsa a 1883. Akwai wani hoto na Amir ɗin yana tsaye a bakin wata ƙofa a Amboise, wanda ake jingina wa Le Gray. Wannan ba ya cikin abin da hukuma ta nema. Ita dutse ta aika a ɗauko mata, da taga, da matattakala. Wanda ya biya kuɗin hoto shi ke yanke inda akwati zai fuskanta, kuma abin da aka bari a gefe sau da yawa ya fi abin da aka ɗauka nauyi a ma'aunin tarihi.

Duk da haka ba zan rage wa aikin daraja ba. A Carcassonne, alal misali, hotunan 1851 sun nuna ganuwar birnin a zube, hasumiyoyi ba rufi. Shekara biyu bayan haka magini Viollet-le-Duc ya fara gyara, aka tashi talakawan da suka yi gidaje a jikin ganuwar, ya ɗora wa hasumiyoyin rufi mai tsini na baƙin dutse irin na arewacin ƙasar, abin da masana suka daɗe suna sūka. In ba don hotunan nan ba, da wuya a rarrabe aikin mutanen dā da tunanin mai gyara.

To, me aka yi da hotunan? Hukuma ta karɓi guda 258, ta yaba, ta biya, ta sa a aljihun tebur ta kulle. Ba a buga su ba. Sai wajen 1980 aka fito da su aka nuna wa jama'a yadda ya kamata. Na ga wasu daga cikinku suna murmushi, ba sai na ce kome ba. Le Gray kansa bashi ya kore shi daga Faris a 1860, ya ƙare a Alƙahira yana koyar da zane, can ya rasu a 1884.

A cikin birnin Faris labarin ya ɗauki wani salo. Daga 1853 zuwa 1870 Haussmann ya tsaga tsofaffin unguwanni ya shimfiɗa manyan tituna. Hukumar birni ta sa Charles Marville ya ɗauki lungunan da za a rushe. Yakan ajiye akwatinsa ƙasa ƙasa, sai kwata da dagwalon ruwa su cika gaban hoton. Wasu masana na ganin an yi haka ne don a nuna lungunan sun cancanci rusau. Yau kuwa da hotunan nan ake makokinsu. Bayansa Eugène Atget ya yi kusan shekara 30 yana bin shaguna da zaure da tsakar gida da sassafe, ya bar dubban hotuna da ya rasu a 1927.

Sa'an nan sai hoto ya fita daga hannun gwanaye. Kodak ya shigo kasuwa a 1888, hasumiyar Eiffel mai tsawon mita 300 ta tashi a 1889, katin gaisuwa mai hoto ya bazu. Daga nan matafiyi ya fara zuwa wuri don ya ga abin da ya riga ya gani a kati, ya tsaya inda mai katin ya tsaya. Fadar Chenonceau, wadda aka gina bisa kogin Cher, an ɗauke ta daga gaɓa ɗaya sau ba adadi, da inuwarta cikin ruwa. Kaɗan ne cikin masu ɗaukar suka san dogon zauren nan da ke kan ruwa ya zama asibitin sojoji a yaƙin 1914, kuma daga 1940 zuwa 1942 ƙofarsa ɗaya tana yankin da Jamus ta mamaye, ɗayar tana yankin da ba ta mamaye ba, mutane suka riƙa tsira ta cikinsa. Amma ko irin wannan tarin hoto yana da ranarsa. Da gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame a 15 ga Afrilu 2019, tsofaffin zane-zane da hotuna da awon na'ura suna cikin abin da magina suka dogara da shi har aka sake buɗe ta a Disamba 2024.

Shekarar 1851 tana da wata ma'ana a wurinmu. A watan Fabrairunta ne Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano, ya hau Dala ya zana birnin da alƙalami. Hotunan Kano da ke cikin littafinsa wani mai zane ne a Jamus ya ƙawata su daga wannan zane, mutumin da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ganuwarmu ta ƙasa ce, damina ɗaya tana iya yi mata abin da shekara ɗari ba ta yi wa dutsen Loire ba, ga masu haƙar ƙasar gini, ga faɗaɗa titi, wanda ya ci Ƙofar Na'isa a 2010. Ga ɗaliban da ke neman abin rubuta kundi, ina ba da shawarar su fara da tsofaffin hotunan ƙofofi da ke Gidan Makama, su je kowace ƙofa su tsaya daidai inda mai hoton farko ya tsaya, su sake ɗauka, su rubuta kwanan wata da ɓangaren da suka fuskanta da sunayen unguwannin da ke dama da hagu.