Sana'ar Tada Tsohon Babur a Kano: Daga Kuɗin Udoji Zuwa Kilon 'Yan Gwangwan

Duk wani tsohon bakaniken babur a Kano, in ka zaunar da shi, lissafinsa daga 1975 yake farawa, shekarar da aka biya ma'aikata ariyas ɗin ƙarin albashin Udoji. Malamin makaranta da akawu da malamin gona suka wayi gari da kuɗi a aljihu, kowa ya jingine kekensa Raleigh ya nufi shagon babura. Vespa ta samu shiga wajen masu babbar riga, Suzuki da Yamaha suka tafi ƙauye, Honda CD175 kuwa ta zama ta manyan ma'aikata. Yawancin iyayen gidanmu a wannan sana'a masu gyaran keke ne da suka ga kasuwa ta juya, suka bi ta. A lokacin ba wanda yake tada mataccen babur don ya sayar. Sabo yana da araha, ga kamfanin Boulos na harhaɗa Suzuki a Legas, Honda ma ta kafa kamfaninta a Najeriya a 1979.

Mashinan tsere masu matsakaicin ƙarfi, daga cc 350 zuwa 650, waɗanda Turai da Amurka ke rububi a wancan lokaci, ɗaiɗaiku ne suka iso mana. Akwai Yamaha RD350 ta 1973, mai silinda biyu, mai ƙona fetur haɗe da baƙin mai, wadda hayaƙinta da kukanta ke shigowa unguwa kafin ita. Akwai Honda CB400F ta 1975, silinda huɗu, giya shida, bututun hayaƙi huɗu da suka lanƙwaso suka haɗe a salansa ɗaya. Sai ka gan su wajen Baturen kamfani a Bompai ko ɗan masu hali da ya dawo karatu. Mu babban mashin a wajenmu Roadmaster ne, wanda bai wuce cc 200 ba, amma mai shi sai a miƙe masa a majalisa.

Talauci ne ya haifi sana'ar tamu. Da Babangida ya kawo tsarin tattalin arziki na SAP a 1986, Naira ta zube, sabon babur ya fi ƙarfin mai albashi, ga matasa sun fara acaɓa suna neman abin hawa ko wane iri. Nan muka shiga bin zaure-zaure muna tambayar matattun babura. Ka sayi uku, ka ciri inji a wannan, firam a wancan, tanki da ƙafafu a na uku, ka fito da guda mai tafiya. Kayan gyara mu nemo a Sabon Gari wajen 'yan kasuwar da ke saro su daga Nnewi, abin da ya gagara a shiga Ƙofar Ruwa a tona. Daga baya 'yan Kwatano suka fara shigowa, a cikinsu har da manyan mashina 'yan cc 400. Yawan 'yan 400 ɗin yana da dalili: a 1975 Japan ta tsaurara lasisin hawan abin da ya haura wannan ƙarfi, sai kamfanoninta suka duƙufa ƙera masu tsayawa daidai kan iyakar, waɗanda suka tsufa kuma aka yi waje da su.

Gyaran wancan zamani gyaran aiki ne, kuma yana da nasa ha'incin, ba sai an ɓoye ba. Injin da ke hayaƙi, maimakon a sauke shi a gyara bulo a sa sabon fistin da ringi, wani sai ya ɗura masa baƙin mai mai kauri ya yi shiru na mako biyu. Tankin da ya lotsa a cike shi da bodi-fila a fesa fenti. Shi ya sa dillalin da ya san hannunsa, in ya zo duba babur da safe, kafin ya taɓa kik sai ya ɗora bayan hannunsa a kan inji. In ya ji ɗumi sai ya ce, "Maigida, wa ya riga ni tashinsa?" Injin da aka ɗumama yana rufa wa mai shi asiri. Mai sanyi ne ke faɗin gaskiya.

Shigowar Jincheng da 'yan'uwanta na Sin, sannan Bajaj Boxer ta Indiya, ita ta karya mu. Wa zai biya kuɗin tsohuwar Honda da aka harhaɗa, alhali ga sabo dal a leda a kusan kuɗin? Sai kuma Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa. Gareji da yawa suka koma gyaran Adaidaita Sahu. Abin da ya fi ci mini rai a shekarun nan shi ne 'yan gwangwan. A kan sikeli suke ciniki, ba ruwansu da suna ko shekara. Magada su fito da mashin ɗin mahaifinsu daga shago, a farfasa injin da guduma a ware alminiyam daban, ƙarfe daban. Abin da ya tafi narka a haka ya fi wanda hatsari ya cinye.

Yanzu da tsofaffin mashinan ba su da yawa sai ga masu nema. Matasa ne masu waya a hannu, sun ga yadda ake gwanjon irin waɗannan mashina a Ingila da Japan, sai su turo maka hoto ta WhatsApp su ce, "Baba, irin wannan nake so." Kuma abin da suke biya wa kuɗi shi ne ainihin abin da muka saba shafewa. Fentin kamfani ko ya koɗe ya fi sabon feshi daraja a wajensu. Suna duba lambar firam da ta inji, suna son takardun asali. Ka sa wa CB400F salansar da ɗan walda ya ƙera, ka zubar da rabin kuɗinta, domin bututun nan huɗu su ne adonta. Yaran gareji na dariya in sun ga na hana a taɓa tsohon tanki da samfefa, ina zuba masa kananzir da ƙananan notuna ina jijjigawa don tsatsar ciki kawai ta fita.

Aikin kansa ya fi na da wuya. A CB400F kafireta huɗu ne a jere, kowace sai an kwance ta an wanke, sannan a daidaita su har su riƙa shaƙar iska tare, in ba haka ba mashin ya yi ta rawa a tsaye. Masu hali na da agogon awo, mu da kunne muka koya. Wutar tsofaffin kuma ta kwantak ce, wadda yaron da ya tashi a kan Bajaj bai taɓa gani ba. Kayan ciki babu su a Sabon Gari, sai an yi oda daga waje da dala, kuma tun da aka saki Naira a 2023 kuɗin gasket da ringi kaɗai kan cinye ribar. Don haka na daina sayen mashin da kuɗina in gyara in jira mai saye. Sai wanda yake so ya fara ajiye kuɗin kaya, mu rubuta abin da za a taɓa da abin da za a bari, sannan in kwance noti na farko.